Ina Ne Garin Ubanki?

Malam Sani: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau Jamila ce ta kawo batun, don haka bismillah.

Jamila: Na gode Malam. Ni dai ruwa biyu ce. Mamata Bakanuwa ce gaba da baya, babana ɗan Labanan ne, yana sayar da yadi a Kantin Kwari tun ba a haife ni ba. Kuma zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi min daɗi: farar fatar nan ta sha buɗe min ƙofa. Wata rana na raka 'yar ƙanwar mamata wani asibiti. Tare muka shiga, sai ma'aikaciyar ta jawo min kujera, ita kuwa aka ce ta bi layi. Ita ce fa marar lafiyar, tana dafe da ciki, gumi na keto mata. Har yau in na tuna kallon da ta yi min sai jikina ya yi sanyi.

Bilkisu: Wallahi Anti Jamila, mu baƙaƙe mun san wannan. Tun muna yara muke jin ana cewa fara ko mayya ce. Shi ya sa yarinya za ta ƙona fuskarta da man bilicin, sannan mu zo muna zaginta.

Malam Sani: To ke da aka fifita, ina naki kukan?

Jamila: Ranar da na je neman takardar shaidar asali. Da Hausa na gaida mutumin, na faɗi unguwarmu, na faɗi sunan kakana na wajen uwa. Ya ɗago ya ce, ina ne garin ubanki? Nan maganar ta tsaya.

Malam Sani: Alhali sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ki zama 'yar ƙasa ta wajen mahaifiyarki.

Jamila: Ya ba ni ƙasa, amma jiha uba ake bi. Kuma ku duba sashe na 26: namiji ya auro baƙuwa, za ta iya yin rajista ta zama 'yar Najeriya. Mamata ba ta da ikon yi wa mijinta haka, sai dai ya bi hanyar da ke buƙatar zaman shekara 15.

Bilkisu: Ba shi ne aka so gyarawa a watan Maris na 2022 ba?

Malam Sani: Shi ne, 'yan majalisar tarayya suka yi watsi da ƙudurin, har mata suka tare ƙofar majalisa suna zanga-zanga. Ku tuna da Mai Shari'a Akon Ikpeme a Kuros Riba. A 2020 majalisar jihar ta ƙi tabbatar da ita babbar alƙaliya, aka ce asalinta Akwa Ibom ne, alhali mijinta ɗan Kuros Riba ne kuma a can ta yi aikinta. Sai a 2021 aka tabbatar da ita.

Bilkisu: To ina matar aure za ta sa kanta? Gidansu a ce ta tafi, gidan miji a ce baƙuwa ce.

Malam Sani: Jamila, takardar fa? Kin samu daga baya?

Jamila: Na samu. Kawuna ne ya tafi da ni wajen mai unguwa ya tsaya min. Mamata tana gefe a tsaye da mayafinta, babu wanda ya tambaye ta komai.