Muryar Kawu a Kan Kaset ɗin Matan Fada

Assalamu alaikum, jama'a, barkanmu da war haka. Mutanen Argungu, mutanen Birnin Kabi, Jega, Yawuri, Zuru, da duk inda kuke kallona, ina gaishe ku. Yau Lahadi ce a nan Berlin. Ƙarfe huɗu ba ta cika ba amma duhu ya fara sauka, sanyi kuwa ba a magana, shi ya sa kuka gan ni a ɗaki da kofin shayi maimakon kan titi inda muka saba haɗuwa.

Bari in matso da kyamara kan teburin nan. Kun ga wannan faifan mai faɗi, mai ƙyalli kamar madubi? Ba na garmaho ba ne, ko da yake girmansu ɗaya, santimita 30. Sunansa Laserdisc. Da safen nan na saye shi a kasuwar gwanjo ta Mauerpark, wurin wani dattijo da ke sayar da tsofaffin kaya. Ba ni da na'urar kunna shi. Na saye shi ne don in nuna muku, saboda a kan irinsa aka fara abin da ya hana ni barci makonnin nan.

A 1984 wani kamfani a Amurka mai suna Criterion ya fitar da tsohon fim ɗin nan na goggon biri, King Kong, wanda aka yi tun 1933, a kan irin wannan faifan. Faifan yana da hanyar sauti guda biyu, tsohon fim ɗin kuwa hanya ɗaya ta ishe shi. Sai suka ga ga hanya a buɗe babu kowa a kanta. Suka ɗauko wani masanin tarihin fim, Ronald Haver, suka zaunar da shi gaban makirfo, aka kunna masa fim, yana kallo yana bayani daga farko har ƙarshe. Mai kallo a gida shi ke da zaɓi: ko ya ji sautin fim, ko ya danna rimot ya ji malam. Wannan shi ne sharhi na farko da aka ɗora kan fim a faifan gida. Da DVD ya fito a Japan a ƙarshen 1996, ya shiga Amurka a 1997, sai abin ya zama ruwan dare, kowane kamfani yana yi.

Ni ban san da wannan duniyar ba sai da na zo ƙasar nan. Shekarata ta farko kaɗaici ya yi min yawa, Jamusancina bai kai ya kawo ba, sai na riƙa aron fayafayi a laburaren birni. Wata rana ina lalube a jerin zaɓi, na danna wani wuri, sai na ji sautin fim ya yi ƙasa, wani mutum ya fara magana a hankali kamar yana zaune kusa da ni kan tabarma. Na bar shi ya ci gaba. Wallahi ban tashi ba sai da fim ya ƙare.

Ku ɗauki shi wannan goggon birin. In ka kalli fim ɗin kawai, za ka ga dodo ya hau dogon benen Empire State a New York, jirage suna harbinsa, shi ke nan. Amma in ka bi bayanan masana, sai ka ji cewa dodon nan 'yar tsana ce mai tsawon inci 18, ƙarfe a ciki, roba a kai, an lulluɓe ta da gashin zomo. Willis O'Brien da mutanensa sai su ɗan motsa hannunta, su ɗauki hoto ɗaya, su sake motsawa, su sake ɗauka. Daƙiƙa ɗaya ta fim hoto 24 ce, minti ɗaya ke nan 1,440. Kuma wannan motsin da gashin jikinsa ke yi kamar iska na kaɗa shi, sawun yatsun masu aikin ne, duk taɓawa sai gashin ya kwanta wani gefe. Tun ranar da na san haka, in na kalli wurin, yatsun mutanen nake gani, mutanen da suka daɗe a ƙasa. Idona ya canza, ba zai koma yadda yake da ba.

Ban da sharhi akwai sauran kayan da ake cusawa a faifai. Ni gyara nake ce musu, irin wadda mai tumatir ke ƙara maka bayan ka biya. Akwai fitowar da aka yanke ba ta shiga fim ba, akwai hira da waɗanda suka yi aikin, tsohuwar talla, hotunan bayan fage, wani lokaci har da ɗan littafi a cikin kwali. A King Kong ɗin akwai wata fitowa ta ramin gizo-gizo da aka yanke tun farko, ta ɓace. Da aka fitar da DVD ɗinsa a 2005, darakta Peter Jackson da ma'aikatansa suka sake ƙirƙirar ta da dabarun zamanin da, aka sa a matsayin gyara.

Amma fa ba kowane sharhi ne ke da amfani ba, gara in faɗa muku gaskiya. Akwai wanda za a tara darakta da 'yan wasa, su yi ta yabon juna awa biyu, wane gwani ne, wance ba ta da na biyu. Irin wannan minti goma nake ba shi. Na masanin tarihi ya fi min, domin shi ba ya cikin waɗanda suka ci moriyar fim ɗin. Ya shiga ma'ajiyar kamfani, ya karanta wasiƙu da takardun kuɗi, ya san ranar da aka yi faɗa, ya san wanda ya yi aiki aka bar sunansa a waje. Kuma nagari a cikinsu ya san lokacin yin shiru. In fitowa mai nauyi ta zo, sai ya ja bakinsa ya bar ka da ita.

Abin da ke damuna shi ne duk wannan yana neman tafiya. Yanzu kowa a waya yake kallo, manhajojin kallon fim kuwa galibi fim ɗin kawai suke ba ka, tsirara, babu malam babu gyara. Netflix ma da ya fara da aika fayafayi ta gidan waya ya rufe wannan sashen a Satumbar 2023.

To, me ya haɗa ɗan Argungu da wannan duka?

A Fabrairun 2018 an nuna Shaihu Umar a bikin fina-finai na Berlin. Fim ɗin Adamu Halilu ne na 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa na 1934. An daɗe ana ɗauka ya salwanta, sai a 2016 aka gano nagatif ɗinsa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta nan Berlin ta farfaɗo da shi. Na je. Na zauna cikin Turawa suna bin fassara a ƙasan allo, ni kuwa Hausa na shiga kunnena kai tsaye. Inda uwar Umar ta bi sawun ɗanta cikin hamada, hawaye ya zubo min, ban ɓoye ba. Da na fito ina jiran jirgin ƙasa, abu ɗaya nake ta juyawa a raina: ina ma a zaunar da dattijo ɗaya cikin waɗanda suka yi aikin nan, a kunna masa daga farko, ya riƙa cewa nan wuri kaza ne, wannan rigar aro muka yi, wannan raƙumin ya ba mu wahala. A sa wani malamin jami'a kusa da shi yana jan zaren. Goggon birin roba ya samu mai ba da tarihinsa, balle wannan.

Haka finafinanmu na Kano. Turmin Danya ya fito a 1990, yau fiye da shekara 30. Mu ma fayafayanmu suna da tasu gyarar, tallar finafinai masu fitowa da waƙoƙi kafin a fara. Amma duk kaset da faifan da na taɓa saya, ban ci karo da wanda aka zaunar da mai shi ya yi bayani a kai ba. Rabilu Musa Ibro ya rasu a Disambar 2014. Ƙasimu Yero ya rasu a Satumbar 2017. Allah ya jiƙansu da rahama. Abin da ke cikin kawunansu na yadda aka yi aikin nan, wa ya zaunar da su ya kwashe shi fitowa bayan fitowa?

Da na ga ina ta ƙorafi a kan manya, sai na waiwayi abin da ke hannuna. Ga shi nan, wannan baƙin kaset. Na mahaifina ne, Allah ya gafarta masa. Ya ɗauki mai bidiyo haya wata shekara tun ina firamare, ya ɗauko masa bikin kamun kifi, tun daga wasannin kabanci har ranar babban su a Matan Fada. Zuwana gida na ƙarshe Inna ta ciro shi daga ƙasan akwati ta ba ni. Kaset ba ya jiran kowa. Zafi da laima suna cin sa, kuma kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe mai ƙera na'urar kunna shi, ya daina tun 2016. Na kai wani shago a nan suka juye min shi cikin kwamfuta.

Na kalla, na ga dubban mutane da gora da homa sun yi sahu a bakin ruwa, aka harba bindiga, suka ruga. Na ga giwan ruwa ana ɗora ta kan sikeli. Amma fuskokin da mai bidiyon ya tsaya a kansu, ban san ko mutum biyar ba. Kaset ɗin gidanmu, ni kuma baƙo a cikinsa.

Sai na kira Kawu, ƙanin Inna, wanda ya haura 75 kuma duk rayuwarsa a bakin ruwan nan ya yi ta. Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, wata alfarma nake nema. So nake a kunna maka kaset ɗin Baba, kana kallo kana faɗin abin da ka sani, mu naɗi muryarka." Na fara yi masa bayanin yadda Turawa ke yi, sai ya katse ni. Ya ce, "Ɗana, wanga abu ai mun san shi. Majigi ke nan."

Ya ba ni labarin yadda motar majigi ke zuwa suna yara, a kafa farin ƙyalle a fili bayan isha'i, a tada inji, gari duk ya fito. Fim na tafiya, wani mutum na tsaye da lasifika yana faɗa wa jama'a da Hausa abin da suke gani, ga yadda ake shuka auduga, ga dalilin yin rigakafi, ga wane ne wannan da ya sauko daga jirgi. Ya ce in mai lasifika gwani ne, har tafi ake masa. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta kawo tsarin don isar da saƙonta, wannan gaskiya ne, daga baya gwamnatin Arewa ta ci gaba da shi. Amma mutumin da ke tsaye gefen allo yana fashin baƙi, iyayenmu sun san shi shekaru da dama kafin 1984. Jikina ya yi sanyi da na ji haka.

Ga yadda muka yi, ko wani zai so ya gwada. Ban yarda a naɗa ta kiran waya ba, saboda in layi ya yanke magana ta tafi. Na tura wa ɗan yayata bidiyon, ya sauke shi a kwamfutarsa can Argungu. Ya zaunar da Kawu a zaure bayan la'asar, ya kashe fanka don ƙara, ya ajiye waya mai naɗar sauti kusa da bakinsa. Daidai lokacin da ya danna kunnawa sai ya tafa hannu sau ɗaya, wannan tafin shi ya nuna min inda zan daidaita murya da hoto. Na ce masa kada ya tsayar da bidiyon, kada ya gyara wa Kawu magana, in ya yi shiru a bar shi. Da sautin ya iso, na haɗa su a fayil ɗaya mai hanyar sauti biyu, yadda in ka buɗe a manhajar kallon bidiyo ta VLC za ka zaɓi hayaniyar biki ko muryar Kawu.

Abin da ya fito ya wuce tsammanina. Ya fara da 1934, zuwan Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu Argungu, yadda aka yi masa su don girmamawa bayan tsohuwar gabar da ke tsakanin Kabi da Sakkwato. Ya bayyana abin da Sarkin Ruwa ke yi kafin a bar kowa ya taɓa ruwa. Ya nuna yadda masunci ke kwanciya kan gora tana ɗauke da shi, ita ce kuma ma'ajiyar kifinsa. Waɗannan ana iya samunsu a littafi, tunda har UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016. Amma wane littafi ne zai gaya maka cewa mai jar hular nan da ke gefen makaɗa ya yi shekara uku ba ya magana da wansa saboda homa ɗaya, kuma ranar nan ce suka shirya? Kawu ya kira sunan mutum sama da 40. Kusan kowane suna sai ya bi shi da "Allah ya jiƙansa."

Na cire sunayen daga abin da zan kunna muku, wannan na iyalansu ne, cikakken kuma na tura gida. Wurin da na zaɓa yana minti na 52. Kyamara ta juya kan wani mutum da farar riga ya naɗe ƙafar wando, yana tsaye cikin taɓo, ya ɗaga wani yaro kan wuyansa don ya hango ruwa. Bayansu kawai ake gani. Sau uku na wuce wurin nan ni kaɗai ban tsaya ba. Za ku ji Kawu ya yi shiru kusan daƙiƙa 20, ban yanke ba, sannan ya ce wa ɗan yayata, "Maido baya kaɗan. Awo, shi ne. Wanga babansa ne, na bisa wuya kuwa shi ne da kansa."

Ku ƙara sautin wayoyinku, muryarsa ba ta da ƙarfi sosai. Bismillah.