Ana jan igiya gabas, bishiya ta faɗi kudu: ina aka yi kuskuren?

[Bidiyon da ke yawo: samari na jan igiya, darbejiya na rangaji]

Assalamu alaikum jama'a. Na san kun ga wannan, ni ma har na gaji da turo min shi. Samari sun riƙe igiya, mai inji na gindi, ana ta "ku ja! ku ja!" Darbejiya ta sunkuyo kamar za ta bi su, sai ta murɗe ta kwanta kan katangar maƙwabci. A mayar baya. Ku saurari salatin da aka yi a cikin gidan.

Masu sharhi sun ce igiyar ce ruɓaɓɓiya. Wasu sun ce samarin ba su ci tuwo ba. Akwai wanda ya ce aljanu ne. To, aljanu dai da tsamiya da kuka aka san su, ban taɓa jin sun tare a darbejiya ba, ina ga ɗacin ne ya yi musu yawa.

A tsayar da hoton nan. A matso kan gindin. Kun gani? Ya yanke ta tas daga wannan gefe zuwa wancan, kamar mai sara rake. Tun daga lokacin nan bishiyar ba ta da abin da ke riƙe da ita a ƙasa, ko samari hamsin ne a kan igiyar.

[Titunan Maiduguri da Kano, layin darbejiya]

Bari mu gaggauta wuce abin da kowa ya sani. Darbejiya, ko dogon yaro, ko maina, ko bedi, ya danganta da garinku, asalinta Indiya ce. A 1928 aka fara dasa ta a lardin Borno, yau ga ta a ƙofar kowane gida har Maraɗi da Damagaram. Tana jure fari, tana saurin girma, takan kai mita 15 zuwa 20. Matsalar ita ce wanda ya dasa ta tana kamar sandar makiyayi bai yi tunanin wannan tsawon ba. Sai saiwa ta shiga sokawe, katanga ta tsage, reshe ya hau wayar wuta. Idan da waya a kusa, kada ma a tayar da inji sai masu wuta sun zo sun kashe layin. A tambayi ma'aikatan gandun daji ko akwai buƙatar izini, don akwai itatuwa irin gawo da doka ta kare a Nijar. A gaya wa maƙwabci. A kwashe yara da awaki da babur. Shi ke nan, mu koma gindi.

[Hannu na buɗe ƙofar ɗaki a hankali, hoto ya matso kan hinji]

Dubi ƙofar nan. Me ya sa idan ka tura ta take bin hanya ɗaya kullum? Hinji. Cire hinjin ka tura ta, ka ga inda za ta faɗa, wataƙila kan ƙafarka. Bishiya ma haka take. Gwanin sara yana barin wani siririn yanki na itacen bai yanke ba, shi ne hinjin, shi ne ke nuna wa bishiyar hanya har ta kai ƙasa. Aikin igiya ɗan taimako ne kawai a farkon motsi.

Ga yadda ake yi, ku bi hannun malamin nan. Yanka na farko a ɓangaren da kake so ta faɗa. Ya sara a karkace daga sama, ya kuma sara a kwance daga ƙasa, yankan biyu suka haɗu, ya zare ɓallin kamar yankan kankana. Wannan shi ne bakin. Inda bakin ya kalla, can za ta nufa, saboda haka ka tsaya a bayansa ka auna kamar mai saitin bindiga. Zurfinsa kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kaurin bishiyar. Idan kaurinta santimita 50 ne, bakin ya shiga kamar 12 zuwa 15.

Lura da nan, don nan ake zamewa. Yankan sama da na ƙasa su haɗu daidai a layi ɗaya. In na ƙasa ya zarce ko da kaɗan, ka riga ka cinye hinjin tun kafin ka zagaya baya, kuma ba za ka gani ba.

Yanzu ya zagaya baya. Ya fara yanka a kwance, sama da ƙasan bakin da kamar yatsa biyu. Yana tafiya, yana tafiya... ya tsaya. A tsayar da hoton. Wannan farin itacen da ya rage tsakanin yankan baya da baki, shi ne maganar da muke yi tun ɗazu. Kaurinsa kamar kashi ɗaya cikin goma na kaurin bishiyar, wato a tamu santimita 5, yatsu uku ke nan. Kuma ya zama kauri ɗaya daga hagu zuwa dama. In gefe ɗaya ya fi siriri, shi zai fara tsinkewa, bishiyar ta murɗa wajen mai kaurin.

Na san abin da ke cikin ran mai inji a daidai nan. Bishiya ba ta motsa ba, jama'a na kallo, wani na cewa "ƙarasa mana!" Sai ya ƙarasa. Abin da ya faru a bidiyon can ke nan. Abin yi shi ne ka zare injin, ka sa itace mai tsini a cikin yankan baya, ka buga da bayan gatari. Kowane bugu yana ɗaga ta kaɗan. Yanzu ne masu igiya za su ja, su ma daga nesa, ninki biyu na tsawon bishiyar.

[Bishiya na kwantawa a hankali, babu magana na daƙiƙa biyar]

Kun ji kukan nan, ƙiiii? Hinjin ne yake lanƙwasa. Da ka ji shi ka bar wurin, ka ja baya ta gefe a karkace, ta hanyar da ka share tun farko. Kada ka tsaya daidai bayanta, gindi yana harbi kamar jaki. Gungumen ɗanyen itace mai wannan kauri, tsawon mita 3 kawai, ya kai nauyin buhun siminti goma.

Sai kuma abin da ya shafe mu mu mutanen ƙasar rani. Duk wannan lissafi na itace mai rai ne, wanda ke lanƙwasa. Bishiyar da ta bushe a tsaye ta sha bazara biyu ko uku, hinjinta karyewa yake ɓas kamar karan dawa. Ga gara kuma. Ƙwanƙwasa jikinta da bayan gatari. In ta amsa kamar ganga, cikinta rami ne. In ka fara yanka ka ga garin ƙasa na fitowa maimakon dusar itace, kashe injin. Irin wannan ba a hawanta, ba a kuma amince wa hinjinta. A biya waɗanda ke da kayan aiki, kuɗinsu bai kai na sabon kwano da bulo ba.

[Tsakar gida: rijiya, madafa, igiyar shanya]

Gaskiyar magana, yawancin gidajenmu ba su da filin da bishiya za ta kwanta a miƙe. Daga sama ake sauke ta, reshe bayan reshe, a ɗaure kowanne a zuro shi ƙasa. Ko a reshen ma akwai tsari: ka fara ɗan sara ta ƙasa, sannan ka yanke ta sama, don kada ya saɓule ɓawon ya tafi da shi. Wannan ya fi muhimmanci in gyara kake yi, bishiyar za ta ci gaba da zama.

Tunda mun zo kan gyara, ga ra'ayina, wanda bai so ba ya yi haƙuri. Wannan aski ƙwal da ake yi wa darbejiya kafin damina, wai don iska, ba na goyon baya. Ka rasa inuwa a watan da ka fi buƙatarta, rana ta ƙone ɓawon, sannan ta fito da tarin sababbin rassa da ba su kama jiki sosai ba. Su ne iskar farkon damina ke fizgewa bayan shekara biyu. Rage matattun rassa da masu gugar juna da waɗanda suka hau rufi, ka bar mata kanta.

Kututture fa? Zai tsiro, darbejiya ba ta san an sallame ta ba. Kada a zuba baƙin mai, ƙasarka da rijiyarka kake ɓatawa. A tone shi, ko a riƙa cire tohon duk lokacin da ya leƙo har ya gaji. A yankin Maraɗi wannan taurin kan na kututture ne ya zama arziki: tun shekarun 1980 Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostareliya, da manoman wurin suka riƙa zaɓar toho mafi ƙarfi suna renonsa, gonaki suka sake cika da itatuwa. Amma can gona ce, nan kuma gefen sokawe.

[Yaro na zuba ruwa cikin tulun da aka binne kusa da dashe]

Wanda zai dasa wata, ya ja ta nesa da gini, ni dai ba na yarda da ƙasa da taku goma ga darbejiya ko ceɗiya. Gida ƙarami ya nemi zogale ko lemun tsami. Ban ruwa kuma, yayyafin safe da yamma saiwa yake koya wa zama a sama. A ƙoshar da ita sau ɗaya ko biyu a mako, da yamma, a rufe gindin da busasshen ganye amma kada ya taɓa jikinta, saboda gara. Tulun nan na ƙasa ne, an binne shi har wuya, ruwan na tsatsafowa a hankali. A rufe bakinsa da murfi saboda sauro, a kuma sa ƙaya a kewaye, don akuyar can da kuke gani tun ɗazu take kallonsa.