Amsoshin Tambayoyinku: Masu Hoto da Jiran Kyamarar Ful-firem

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙar farko ta fito daga Damagaram, daga wani bawan Allah mai sana'ar ɗaukar hoton biki da suna. Yana tambaya: mece ce kyamarar ful-firem da ba ta barin bakin abokan sana'arsa, kuma me ya sa wasu suka yi shekara da shekaru suna jiran kamfaninsu ya ƙera ta, alhali ga ta jibge a wajen wani kamfanin?

To malam, a cikin kowace kyamarar dijital akwai ɗan faranti da haske ke sauka a kansa, shi ya gaji fim. Idan girmansa ya kai na fim ɗin da, wato milimita 36 da 24, ita ce ful-firem. Amfaninta ya fi bayyana a ɗakin taro bayan magariba, inda fitila ba ta da ƙarfi: fuskar amarya ta fito tas, babu wannan tsaki-tsakin, jama'ar da ke bayanta kuma su dushe. Sai dai ƙera babban faranti akwai tsada, shi ya sa yawancin kyamarorin farko suka zo da ƙarami.

Canon ya fitar da ful-firem ɗinsa EOS-1Ds a 2002, ya ƙara da 5D a 2005, wadda kuɗinta ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Mutanen Nikon suna ji suna gani har 2007 kafin D3 ta iso, D700 ta biyo baya a 2008. Wasu ba su iya haƙurin ba, suka sayar da kayansu suka koma Canon. Amma gwanayen haƙuri su ne masu Pentax. Tun a shekarar 2000 aka nuna musu samfuri a bajekolin Photokina da ke Jamus, daga baya aka fasa. Kamfanin ya sauya hannu har sau biyu, na ƙarshe ya faɗa hannun Ricoh a 2011, kuma sai a 2016 K-1 ta fito. Yaron da aka raɗa wa suna ranar da aka nuna samfurin, ya kusa gama sakandare kafin a cika alkawari.

Me ya zaunar da su? Lensi, wato gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara. Kowane kamfani da irin bakin da ake murɗa lensi a jikin kyamara, na wannan ba ya shiga na wancan kai tsaye. Nikon ya fito da nasa, mai suna F, tun 1959. Pentax da K tun 1975. Jikin kyamara yakan tsufa cikin 'yan shekaru, amma lensi mai kyau sai a gaje shi. Wanda ya tara huɗu ko biyar da guminsa, ka ce masa ya sauya kamfani, tamkar ka ce ya rushe gida ne saboda ƙofa ba ta yi masa ba. Masu Canon sun ɗanɗana wannan a 1987, lokacin da kamfanin ya watsar da bakin FD ya koma EF, tsofaffin lensi suka zama kayan ajiya.

Ga kuma sabon hannu. Lensin Nikon ɓangare guda ake murɗa shi, na Canon ɗaya ɓangaren. Wanda ya saba da ɗaya, a ba shi ɗayan a tsakiyar kamu, sai an gama liƙi yana kokawa da kyamara. Ragowar kuwa, a ganina, adawa ce irin ta 'yan kallon ƙwallo. Ban taɓa jin uwar amarya ta tambayi sunan kyamara kafin ta yaba hoto ba.

Wata 'yar'uwa daga Kaduna ta ce tana da ƙaramar Canon da lensi biyu, ta tara kuɗi, shin ta koma Sony? Hajiya, Sony ya fito da A7, ful-firem marar madubi (wato babu madubin ciki da ke kai hoto ga idon mai ɗauka), a 2013, Canon da Nikon suka biyo sahu a 2018, kowanne da mahaɗin da ke karɓar tsofaffin lensinsa. Kafin ki yanke shawara, duba rubutun jikin lensin naki. Idan EF-S aka rubuta, don ƙaramin faranti aka yi su, ba za su ma hau 5D ba, don haka babu abin da ya ɗaure ki da Canon. Idan EF ne zalla, zamanki ya fi miki araha. In kuma ta hannu za ki saya, sa a duba miki adadin hotunan da ta ɗauka kafin ki miƙa kuɗi.