Furotin ɗin da ke jiran kalsiyam a cikin zuciya

Assalamu alaikum, 'yan'uwana na Zariya, daga Samaru har cikin Birni. Yau ina magana da ku ne daga titin Gower a Landan, kuma ginin da kuke gani a bayana shi ne Kwalejin Jami'ar Landan, inda likita Sydney Ringer ya yi aiki. Da yawanku kun taɓa ganin sunansa, domin idan aka kwantar da majinyaci a asibitin koyarwa na Shika aka rataya masa ƙarin ruwa, sau da yawa sunan Ringer ne rubuce a jikin ledar.

A 1883 ya bayyana abin da ya gano a gwajin zuciyar kwaɗo. Zuciyar tana ta bugawa a cikin ruwan gishiri muddin da ruwan famfo aka haɗa shi, amma da aka koma tataccen ruwa sai ta yi sanyi ta tsaya. Da ya bi diddigi, sai ya tarar ɗan kalsiyam ɗin da ke cikin ruwan famfo ne yake riƙe da bugun. Sai a shekarun 1960 Setsuro Ebashi na Japan ya gano abin da ke karɓar wannan kalsiyam a cikin tsoka, wato wani furotin mai suna tiroponin.

Tiroponin kashi uku ne, C da I da T, kuma C ne mai kama kalsiyam. Ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin ƙera shi a zuciya ana kiranta TNNC1, tana kan kiromosom na 3, furotin ɗin kuma tubalan amino asid 161 ne kacal. A cikin tsokar zuciya akwai zare iri biyu, aktin da mayosin. Mayosin yana jan aktin ne kamar yadda mai jan ruwa a rijiya yake kama igiyar guga, ya ja, ya saki, ya sake kamawa. Amma lokacin hutu, wani furotin mai suna tiropomayosin yana kwance a kan wurin kamun kamar sakata. Idan saƙon lantarki ya iso, kalsiyam kaɗan ya shigo daga waje, sai ya sa rumbun da ke cikin ƙwayar halittar ya saki mai yawa. Kalsiyam ya zauna a kan tiroponin C, shi kuma ya janye tiroponin I, sakata ta zame, zuciya ta matse. Daga nan a kwashe kalsiyam a mayar rumbu, zuciya ta saki jiki ta cika da jini. Wannan yana faruwa kusan sau 100,000 a kowace rana.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, gurbin kalsiyam huɗu tiroponin C yake da su, amma a na zuciya gurbi na farko ba ya kama kalsiyam, na uku da na huɗu kuma aikinsu riƙe shi a mazauninsa. Gurbi na biyu kaɗai ne ke buɗe ƙofa. Ranar da na fara kallon ƙwayar tsokar zuciyar ɓera guda ɗaya a ƙarƙashin madubin likita, tana tsukewa tana miƙewa ita kaɗai, na daɗe ban ce uffan ba, sai tasbihi.

Idan aka sami canji a TNNC1, furotin ɗin yakan riƙe kalsiyam fiye da kima, bangon zuciya ya yi kauri, ta kasa sakin jiki yadda ya kamata. Wani canjin kuma yakan raunana matsewar, zuciya ta buɗe ta yi laushi. Irin waɗannan canje-canje ba su da yawa, amma suna bin jini. Ina so ku bambanta su da ciwon zuciyar masu jego da likitoci suka yi nazari a kansa a Zariya a shekarun 1970, suka danganta shi da wankan jego da kunun kanwa. Wannan magana ce daban.

Gwajin jinin da ake yi idan ana zargin bugun zuciya, wato toshewar jijiyar da ke kai wa zuciya jini, tiroponin I ko T yake aunawa, saboda irin C na zuciya ana samunsa a wasu tsokokin jiki, don haka ba zai nuna daga inda matsalar ta fito ba.

Roƙona gare ku, iyayena da yayyena, idan a gidanku an taɓa samun matashi ya yanke jiki ya faɗi a filin ƙwallo, ko ya rasu farat ɗaya ba tare da jinya ba, bayan addu'a ku kai 'yan'uwansa na jini wurin likitan zuciya, a ɗauki hoton zuciyarsu a kuma auna bugunta, ko da suna jin lafiyarsu ƙalau.