MP4 ba sabon samfurin MP3 ba ne: lacca ga masu sana'ar turi a Kano

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa masu turi, na Farm Centre da na Beirut Road, sannunku da zuwa.

Akwai maganar da nake yawan ji a bakin kwastomomi, har da wasunku, wai MP4 ya gaji MP3 ne tunda huɗu ta fi uku. Ba haka abin yake ba. MP3 dabarar matse sauti ce kawai. Masana a cibiyar Fraunhofer ta Jamus ne suka yi mafi yawan aikinta, aka fitar da ita a 1993. Shi kuwa MP4 mazubi ne, kamar kular abinci mai hawa-hawa: hoto a hawa ɗaya, murya a wani, rubutun fassara a wani. Galibi hoton da H.264 ake matse shi, muryar kuma da AAC.

To, a nan rigima take tashi. Mutum ya dawo rumfarka ransa a ɓace, ya ce fim ɗin da ka tura masa murya na fita amma allo baƙi ƙirin. Ka duba suna, MP4 ne sarai. Ashe hoton da H.265 aka matse shi, wanda sai 2013 ya fito, wayarsa kuwa tsohuwa ce, ba ta san shi ba. Kada ka ce za ka sauya haruffan ƙarshen sunan, wahalar banza ce, sai an juya fayil ɗin da manhaja. Mai ƙaramar waya mai maɓallai kuwa, ka yi masa 3GP, wato mazubin bidiyo na ƙananan wayoyi, ku rabu lafiya.

Masu ɗaukar tafsiri da azumi, ku nake so ku buɗe kunne. Fayil ɗin sauti na WAV ba a matse yake ba, minti ɗaya a ingancin faifan CD yakan ci kusan megabait 10. Shi wannan minti a MP3 na 128, wato mai kilobit 128 a kowace daƙiƙa, kusan megabait 1 ne. Karatun awa guda ke nan, ko megabait 600 a WAV ko 60 a MP3. Ina ragowar? Zubar da shi aka yi, sautukan da kunne bai cika kamawa ba, kuma ba sa dawowa ko da ka mayar da shi WAV. Duk sake juyawa, sake zubarwa ce. Shi ya sa karatun da ya bi hannu biyar za ka ji muryar malam tana ƙarar gwangwani.

Don Allah ku ajiye na asali a kwamfuta, daga shi za ku riƙa fitar da na turawa. Alhaji, na ga hannunka a sama tun ɗazu, bismillah.