Kafin ka ɗauki sifana, ɗauki biro: zaɓen mota da inji a tseren Stock

Salamu alaikum jama'a. Ƙarar guduma da kuke ji a bayana, Suame Magazine ce, nan Kumasi. A nan, in injin mota ya gaji, masta zai ciro shi ya dasa mata wani, ko da ba danginta ba ne, kafin la'asar ta hau titi. To wannan gwanintar tamu, a tseren da za mu yi magana a kai yau, ita ce za ta sa a kore ka tun daga bakin ƙofa.

Tseren na Amurka ne, ƙarƙashin hukumar NHRA da Wally Parks ya kafa a 1951. Mota biyu, miƙaƙƙen titi, kwatan mil, wato mita 402. A rukunin Stock Eliminator, dole injin ya zama wanda kamfani ya sayar da wannan motar da shi a wannan shekarar. Kafireta irin ta asali. Ba a yashe hanyoyin iska na kan silinda. Tayar baya kada faɗinta ya wuce inci 9.

To yaya ake raba aji? Ku dubi allo. Nauyin mota da laba, a raba shi da ƙarfin dokin da hukumar ta rubuta wa injin. Na ce wanda ta rubuta fa, ba wanda injin yake bayarwa ba. Mota mai laba 3,300, inji mai doki 300 a takarda: 11 ke nan, ajin G. Daga 8 zuwa 8.49 ajin A ne, haka ake gangarowa rabi-rabi. Mai giyar atomatik ajinta daban da mai giyar hannu.

Nan gizo ke saƙar. Mai wayo ba ya neman injin da ya fi kowane ƙarfi. Yana neman wanda takarda ta raina. Ford ta rubuta wa injin 428 Cobra Jet na motar Mustang ta 1968 doki 335, alhali duk wanda ya taka shi ya san ya fi haka. Irin wannan ake farauta.

Sai dai hukumar ba barci take yi ba. Kowane aji yana da lokacin da aka yanka masa, in motocin wani inji suka riƙa yi wa lokacin nan fintinkau, sai a ƙara wa injin doki a takarda. A ce an ƙara maka 10 kacal. 310 sau 11, laba 3,410. Ƙarin laba 110 ke nan, kilo 50, buhun siminti guda cif. Ko ka ɗauki nauyin, ko ka hau ajin F inda suka fi ka gudu. Kuma watakila ba kai ka jawo ba, wani ne can a wata jiha ya taka nasa har ƙasa.

Ni dai da za a tambaye ni, sabon shiga ya nemi inda jama'a suka taru, kamar motar Camaro mai injin 350 (girman injin ke nan, ba doki ba) da atomatik. Kayanta a yalwace, masu sani da yawa. Injin da ba kowa ke hawa ba yana iya zuwa da takarda mai sauƙi, amma ranar da fistin ya fashe, sai ka gane kurenka. Wanda ya taɓa yawo a Abossey Okai, kasuwar kayan mota ta Accra, da tsohon ƙarfe a leda yana neman irinsa ya san abin da nake nufi.

Akasarin zagaye, kowa yana rubuta lokacin da zai yi a gilashin motarsa, mai jinkiri ya fara tashi, wanda ya yi sauri fiye da abin da ya rubuta ya faɗi. Amma in ku biyun ajinku ɗaya, ba wannan zancen: fitila ta kunna, wanda ya riga isa shi ya ci. Bayan nan ana iya cewa ka kwance injin a gaban masu duba, su auna komai ɗaya bayan ɗaya.