Wa ke riƙe da bulalar? Hira kan addini a makaranta da gwamnati, daga Gadarif

Sadisu: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da warhaka. Yau ma daga Gadarif ta ƙasar Sudan muke, a rumfar ƙofar gidan Baba Malam Haruna. In kun ji ƙarar turmi, gahawa ake dakawa, a yi mana uzuri. Ga kuma Ustaza Rabi, malamar firamare. Baba, Allah ya gafarta Malam, an wuni lafiya?

Baba Haruna: Lafiya lau, Sadisu. Kai dai ka tsoma mu cikin maganar da ke raba aboki da aboki.

Sadisu: Ai da gangan na yi. Wani mai saurare daga Kasala ne ya aiko da tambaya: ya dace gwamnati ta sa hannu a sallar yara a makaranta? Ustaza, ke da kike cikin aji, yaya abin yake?

Rabi: Ni tambayar ma dariya ta ba ni. Wa ya taɓa hana yaro salla a makarantar gwamnati a Sudan? Da safe in an jeru a tabur, wato taron safe na ɗalibai, yaro guda zai fito ya karanta ayoyi, wani ya kawo hadisi, sannan a yi taken ƙasa. Shi kansa taken da kiran kanmu rundunar Allah ya fara. In azahar ta riske mu, a shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, buta ɗaya yara goma suna rububi. Ba wanda ya jira takarda daga Khartum kafin ya yi alwala.

Baba Haruna: Madalla da 'yata. Mu a Mai Wurno, tun kafin yaro ya san hanyar makarantar gwamnati ya riga ya wanke allo sau ba adadi. Kakanninmu da suka biyo Muhammadu Bello, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, saboda addini suka baro gida. To su waye za su koya mana salla?

Sadisu: Kenan Baba kuna goyon bayan a raba addini da gwamnati?

Baba Haruna: A'a, kar ka sa mini magana a baki. Kalmar nan almaniyya, wato raba addini da mulki, ko jinta ba na so. Musulmi ba ya tuɓe addininsa a ƙofar ofis kamar takalmi. Amma na ga abin da idona ya gani. A watan Satumba na 1983 ina matashin malami lokacin da shugaban ƙasa Numairi ya ayyana shari'a. Aka tuttular da giya a kogin Nilu, muka yi ta kabbara, har da ni. Ba a jima ba aka fara yanke hannu. Hannun wa? Na talakan da yunwa ta koro daga ƙauye, don shekarun fari ne. Ban ji an yanke na wanda ya wawure baitulmali ba. A Janairun 1985 aka rataye malamin nan Mahmud Muhammad Taha a kurkukun Kobar da sunan ridda, dattijo ɗan shekara 76. Ni ban yarda da fahimtarsa ba ko kaɗan, har gobe. Amma wata uku bayan nan shi Numairin ya faɗi, kuma kowa ya gane kujerarsa yake karewa.

Rabi: Sai kuma 1989.

Baba Haruna: Sai 1989, juyin mulkin Bashir da malamin nan ɗan siyasa Turabi. Shekara talatin. A ofis, gemu da tabon salla suka zama takardar ƙarin girma. Na san malamin da ba ya sallar asuba sai rana ta take, amma in mai duba makarantu zai zo, shi ne a sahun gaba. Yara kuwa ba makafi ba ne.

Rabi: Mu mata mun fi kowa ɗanɗana kuɗarmu. Dokar nan ta nizamul am, wato ta tsarin zaman jama'a, a kama mace a titi saboda wando, a yi mata bulala. Mai sayar da shayi a bakin hanya kullum cikin fargaba take. Sai a Nuwamban 2019 aka soke ta. A Yulin 2020 kuma aka cire hukuncin ridda daga dokar laifuka ta 1991, wanda da shi aka yanke wa Maryam Ibrahim hukuncin kisa a 2014 tana da ciki.

Sadisu: To amma gwamnatin Firaminista Hamdok da ta biyo bayan Bashir ma ai ta taɓo wa kanta tsuliyar dodo a kan manhaja.

Rabi: Ta taɓo kam. Aka ɗora Umar Garrai a kan manhajar karatu, mutumin da kowa ya san almajirin Taha ne. Ya fara maganar rage wa ƙananan yara hadda, jama'a suka ɗaga gira. Sai ga littafin tarihi na aji shida da zanen nan na Michelangelo, ɗan Italiya, mai nuna halittar Annabi Adamu. Limamai suka yi ca a huɗubar Juma'a. A Janairun 2021 Hamdok ya dakatar da manhajar, Garrai ya ajiye aiki.

Baba Haruna: Kuma daidai aka yi. Wannan zane ba ya shiga gidana.

Rabi: Baba, ni ma ba zan buɗe wa yara shafin ba. Abin da ya ƙona mini rai daban ne. Ana can ana ta faɗa kan shafi ɗaya, ni ina da yara sama da saba'in a aji, littafi ɗaya mutum huɗu. Ba limamin da ya yi huɗuba a kan wannan, ba ɗan boko da ya yi zanga-zanga.

Sadisu: Bari in ja ku baya kaɗan. Hamdok da Abdul'aziz Hilu, jagoran 'yan tawayen duwatsun Nuba, sun sa hannu a Adis Ababa a Satumban 2020 kan raba addini da mulki, Janar Burhan, shugaban majalisar mulkin ƙasa, shi ma ya sa hannu da Hilu a Juba a Maris ɗin 2021. Mutanen duwatsun Nuba cewa suke in ba haka ba, abin da ya tafi da Sudan ta Kudu a 2011 zai tafi da su. Mu Hausawa da kusan dukkanmu Musulmi ne, ina ruwanmu?

Baba Haruna: Da ruwanmu har da tsaki. Shekara talatin ana cewa ƙasar Musulunci ce, Musulmi ɗan'uwan Musulmi. Amma je ka neman lambar ɗan ƙasa. Ni da aka haifi ubana a gaɓar Nilu, wani yaro a ofis ya sa na yi sawu uku, wai in kawo shaidar kakana. Da azahar kuma sahu ɗaya muka yi da shi, kafaɗa da kafaɗa. Dubi rikicin da aka yi tsakanin Hausawa da wasu ƙabilu a Damazin da Rusairis a Yulin 2022 kan sarauta da gonaki. Da masu kisan da waɗanda aka kashe, akasari alƙibla ɗaya suke kallo. Rubuta shari'a a kundi bai sa an ɗauke mu 'yan gida ba.

Sadisu: To cire ta zai sa?

Baba Haruna: Ban ce ba. Shi ya sa na ce kar ka sa mini magana a baki.

Rabi: Ni bari in ba ku labarin wata yarinya. Kafin yaƙi, a wata makaranta da na koyar, akwai 'yar Nuba, Kirista, ita kaɗai a ajin. In lokacin darasin addinin Musulunci ya yi, sai ta ɗauki jakarta ta fita gindin bishiya. Babu malamin addininta, alhali a jarrabawar ƙasa akwai takardar addinin Kirista. A coci take koyo ranar hutu. Ina koyar da hadisin haƙƙin maƙwabci, ina hango ta ta taga tana zane da tsinke a ƙasa, rana na dukanta. Rannan dai na kasa. Na ce ta shigo ta zauna a baya ta yi aikin lissafinta. Shugaban makaranta ya kira ni ya ce ba tsari ba ne, kar uwayenta su ce muna jan ta Musulunci.

Sadisu: Shi ma yana da hujja fa.

Rabi: Yana da ita. Shi ya sa abin ya tsaya mini a wuya. In ta zauna, laifi. In ta fita, rana.

Baba Haruna: Da a makarantar allonmu ne, da tuni matar malam ta jawo ta zaure ta ba ta ruwa. Ta ci jarrabawar kuwa?

Rabi: Ta ci, Baba. Ita ta zo ta ɗaya a lissafi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 aka cika ajin nan da 'yan gudun hijira, ban sake jin ɗuriyarsu ba.

Baba Haruna: Allah ya sa suna hannu nagari. Sadisu, miƙo wa Ustaza finjali, gahawarta ta huce.

Sadisu: Ga shi, Ustaza. Masu saurare, wanda ke da ja da Baba ya turo saƙon murya ta WhatsApp, zan kunna masa a gabansa mako mai zuwa. Sai mun ji ku.